Kafin Dakar 2026: yadda sikeli ke cin jikin 'yan wasa tun ba su shiga fili ba

Daga ranar 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026 ne ƙasar Senegal za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na matasa, karo na farko ke nan da wata gasa ta kwamitin Olamfik na duniya, CIO, za ta sauka a nahiyar Afirka. Ana sa ran 'yan wasa kimanin 2,700 a Dakar da Diamniadio da Saly, kuma babu wanda zai haura shekara 17 a cikinsu. Daga cikin wasannin da za a yi akwai damben zamani da judo da taekwondo da kokowar kan rairayi. Abu ɗaya ya haɗa waɗannan huɗun: kafin ɗan wasa ya ga abokin karawarsa sai ya fara hawa sikeli, idan kuma nauyinsa ya wuce ƙa'idar rukuninsa ko da ƙiris ne, gasarsa ta ƙare a nan.

Batun ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Lambobin yabo biyu kacal Nijar ta taɓa samu a Olamfik, tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. Kamaru ta fara ne da azurfar ɗan dambe Joseph Bessala a Mexico a 1968. A cikin lambobi biyar na Ghana, huɗu daga dambe suka fito, ta baya-bayan nan ita ce tagullar Samuel Takyi a Tokyo. Ƙasar da ba ta da kuɗin gina wurin ninkaya ko filin tsere na zamani tana iya shimfiɗa tabarmar judo a ajin makaranta, shi ya sa ma'aikatun wasanni na yankinmu ke zuba ɗan abin da suke da shi a wasannin da ake raba mutane bisa nauyi. Yaron Damagaram ko Garwa ko unguwar Nima ta Accra da ke mafarkin fita waje ta hanyar wasa, in ba ƙwallon ƙafa ba ne, to galibi ta kan sikeli zai bi.

Daren 6 ga Agusta a Paris

Labarin da ya fi fito da matsalar fili a 'yan shekarun nan shi ne na 'yar kokowar Indiya Vinesh Phogat. Da safiyar 6 ga Agustan 2024 ta hau sikeli a Paris da kilo 49.9, ta tsallake awon rukunin kilo 50. A wannan yinin ta yi karawa uku. Ta fara da kayar da Yui Susaki ta Japan, mai riƙe da zinariyar Tokyo, wadda har zuwa ranar babu baƙuwar da ta taɓa kayar da ita a gasar ƙasa da ƙasa. Ta wuce Oksana Livach ta Ukraine, sannan ta doke Yusneylis Guzmán ta Cuba da ci 5 da nema, ta zama mace ta farko daga Indiya da ta kai wasan ƙarshe a kokowar Olamfik. Azurfa dai kamar tana hannu.

Sai dai mutum ba ya karawa uku a yini ɗaya da cikin wofi. Ruwan da ta sha da ɗan abin da ta ci tsakanin karawa sun mayar da ita kilo 52.7 da dare, kamar yadda tawagarta ta bayyana daga baya. Dokar hukumar kokowa ta duniya, UWW, ta ce duk wanda zai fafata a rana ta biyu sai ya sake hawa sikeli da safe, kuma a Olamfik babu rangwamen ko giram ɗaya. Ta kwana ba barci, ba ruwa, daga keken motsa jiki zuwa tsallen igiya zuwa ɗakin gumi. Babban likitan tawagar Indiya ya faɗa wa manema labarai cewa har gashinta aka yanke, aka kuma rage tsawon rigarta. Da gari ya waye, 7 ga Agusta, ta ɗara kilo 50 da giram 100. Aka cire ta daga gasar, aka sanya ta a matsayi na ƙarshe, ita kuma aka kai ta asibitin ƙauyen 'yan wasa saboda ƙarancin ruwa a jiki. Guzmán ɗin da ta doke ita ce ta shiga wasan ƙarshe, inda Sarah Hildebrandt ta Amurka ta ɗauki zinariya.

Washegari Phogat ta sanar da ajiye kokowa. Ta kai ƙara kotun wasanni ta TAS tana neman a ba ta azurfa tare da Guzmán, kotun ta yi watsi da ƙarar a ranar 14 ga Agusta, ko da yake alƙaliyar da ta saurari shari'ar ta amsa a rubuce cewa hukuncin da dokar ta tanada ya yi tsauri ainun.

Abin da aka fi tattaunawa a lokacin shi ne giram 100 ɗin. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya kai mace mai shekara 29, wadda ta fafata a kilo 53 a Tokyo, rukunin kilo 50. Amsar tana cikin tsarin gasar. Kowace ƙasa mutum ɗaya take turawa a kowane rukuni, kuma wata 'yar ƙasarsu, Antim Panghal, ta riga ta samo gurbin kilo 53 da tagullar da ta ci a gasar duniya ta 2023, shekarar da Phogat ta yi tana zanga-zanga a New Delhi kan shugaban hukumar kokowar ƙasarsu, sannan aka yi mata tiyata a gwiwa. Da ta dawo, ƙofar da ta rage mata ita ce ta kilo 50, ta kuma samo gurbin a Bishkek a watan Afrilun 2024. Tun daga ranar aka san cewa a Paris jikinta zai yi faɗa da sikeli sau biyu.

Kwana biyu bayan nata, ɗan ƙasarta Aman Sehrawat ya bi irin wannan dare. Bayan wasan kusa da na ƙarshe yana da kilo 61.5, cikin kimanin awa 10 ya zubar da kilo 4.6, ya hau sikeli da 56.9 a rukunin kilo 57, ya ci tagulla. Jaridu suka yi ta yabon jarumtarsa. A watan Satumban 2025, a gasar duniya ta Zagreb, shi ɗin ne ya hau sikeli da ƙarin kilo 1.7, aka cire shi, hukumar ƙasarsa kuma ta ɗauki abin a matsayin rashin ɗa'a, ta bi shi da ladabtarwa. Hanyar da aka yi masa tafi a kanta a 2024 ita ce ta ƙi ci a 2025.

Abin da ke fita daga jiki a dare ɗaya

Wanda ya rage kilo uku ko huɗu tsakanin magariba da asuba bai taɓa kitsensa ba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kimanin 7,700, wato kusan abincin kwana uku na babban mutum, babu gudun da zai ƙone shi a dare ɗaya. Abin da ke fita ruwa ne, wanda shi ne kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin mutum, sai abin da ke cikin hanji, sai sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda kowane giram ɗinsa ke riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Wato ɗan wasa yana zubar da ainihin abubuwan da zai buƙata a fili washegari.

Idan mutum yana gumi ba ya sha, jininsa yana raguwa yana kuma yin kauri. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Gumin da ke sanyaya jiki sai ya ja baya, zafin ciki ya fara hawa, rigar leda kuma tana hana ɗan gumin da ya fito bushewa, don haka ba ya sanyaya komai. Gishirin jini da sinadarin fotasiyam, waɗanda su ke daidaita bugun zuciya, suna rikicewa. A mataki mafi muni tsoka ce ke fara narkewa, abin da ta saki ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Tun daga rasa kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ta hanyar ruwa juriyar ɗan wasa ke fara raguwa. Sehrawat ya rasa fiye da kashi 7.

An yi jana'iza a kan wannan. Tsakanin 7 ga Nuwamba da 9 ga Disamban 1997, 'yan kokowa uku na jami'o'in Amurka suka mutu a jihohin North Carolina da Wisconsin da Michigan, masu shekara 19 da 22 da 21, dukkansu suna cikin ƙoƙarin tsallake awo, sanye da rigunan da ba sa barin gumi ya fita, suna motsa jiki a ɗaki mai zafi. Zafin jikin ɗayansu ya kai digiri 42. A ranar 11 ga Disamban 2015 Yang Jian Bing, ɗan China mai shekara 21, ya mutu a Manila yana rage nauyi don wata karawa ta kamfanin ONE Championship. A watan Nuwamban 2017 wata yarinya mai shekara 18 ta yanke jiki ta faɗi a Perth ta Ostireliya tana gudun rage nauyi kafin karawar damben Thailand, wadda ko ta kuɗi ba ce, ta rasu bayan kwana huɗu.

Me ya sa ake yi, alhali kowa ya san haɗarin? Saboda wanda ya bushe jikinsa ya shiga rukunin ƙasa, sannan ya cika ciki bayan awo, zai shiga fili ya fi abokin karawarsa girma. Da zarar mutum ɗaya ya yi, sauran ma dole su yi, a ƙarshe kowa ya wahala kuma babu wanda ya fi wani. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan 'yan judo 822 a Brazil ya gano kashi 86 cikin ɗari suna rage nauyi kafin gasa, yawancinsu kuma sun fara ne tun ba su kai shekara 15 ba.

Dokokin da suka yi aiki, da waɗanda suka tsaya rabin hanya

Ya kamata a yi wa hukumar UWW adalci. Awon rana ta biyu da ya kayar da Phogat an kawo shi ne daga 2018 domin kare 'yan wasa: idan ka san sai ka sake hawa sikeli gobe, ba za ka zaɓi rukunin da ya yi maka nisa ba. Hukumar judo ta duniya tana yin awo da yammacin jajiberi, da safe kuma ta zaɓi wasu ba zato ta sake auna su, wanda ya wuce iyakar rukuninsa da fiye da kashi 5 cikin ɗari ya fita. Taekwondo ma ta ɗauki irin wannan tsari. Masu cewa a ba da rangwamen kilo ɗaya a rana ta biyu, kamar yadda wasu manyan 'yan kokowa suka nema bayan Paris, suna da hujja ta tausayi, amma a ganina layin kawai za su matsar. Masu horarwa za su sa kilon a lissafi, a samu wata da za ta faɗi da giram 100 a kan sabon layin.

Inda aka fi ganin canji shi ne inda aka kama matsalar tun daga farkon kaka. Bayan mace-macen 1997, hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta haramta ɗakin gumi da rigar leda, ta matso da awo zuwa awa ɗaya ko biyu kafin karawa, sannan ta ce a auna kowane ɗan kokowa tun kafin a fara gasa. Ana gwada fitsarinsa a tabbatar ba a bushe yake ba, a auna yawan kitsen jikinsa, a lissafa nauyin da zai kai idan kitsen ya sauka zuwa kashi 5 cikin ɗari, a ce masa ƙasa da nan ba zai fafata ba. Saukar ma ba ta wuce kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a mako. A makarantun sakandare iyakar ita ce kashi 7 ga maza, 12 ga mata. Kamfanin ONE ma, makonni kaɗan bayan mutuwar Yang, ya haɗa awo da gwajin ruwan jiki. A tseren kwale-kwale kuwa an ɗauki hanya mafi gajarta: Paris 2024 ce Olamfik ta ƙarshe da aka yi rukunin marasa nauyi.

Abin da babu wanda ya gyara shi ne ƙarancin rukunoni a Olamfik. Kokowa tana da rukuni goma a gasar duniya, shida a Olamfik. Taekwondo tana da takwas a gasar duniya, huɗu kacal a Olamfik: ga maza ƙasa da kilo 58, ƙasa da 68, ƙasa da 80, sai sama da 80. Saurayin da Allah ya yi shi da kilo 63 sai ya zaɓa, ko ya zubar da biyar, ko ya kara da waɗanda suka sauko daga 73. CIO yana taƙaita yawan 'yan wasa ne saboda kuɗi da masauki, jikin 'yan wasan kuma shi ke biyan cikon.

Yunwar da ba ta ƙarewa ranar awo

Bushewar dare ɗaya ita ce ake gani a labarai. Akwai wata ɓarnar da ke tafiya a hankali, wata da watanni, kuma ba masu faɗa kaɗai take kamawa ba. Masu tseren dogon zango, masu alkahura, masu hawa bango, masu sukuwar doki, duk inda aka yi imani cewa rashin nauyi riba ne, akwai ta. A 2014 CIO ya ba ta suna, REDs, ya kuma sabunta bayaninsa a 2018 da 2023. Ma'anarta ita ce abincin da ɗan wasa ke ci bai isa ya biya atisaye ya kuma bar wa jiki abin gudanar da sauran ayyukansa ba. Jiki sai ya fara rufe abin da yake ganin zai iya jira: jinin al'ada ya ɗauke wa mace, sinadarin namiji ya sauka, ƙashi ya daina ƙarfafa ya fara tsagewa, garkuwar jiki ta yi rauni, barci da nutsuwa su gudu.

Mary Cain, wadda tun tana shekara 17 ake kallonta a matsayin tauraruwar tseren Amurka, ta bayyana a jaridar New York Times a watan Nuwamban 2019 cewa a sansanin Nike Oregon Project an matsa mata ta sauka zuwa kimanin kilo 52, al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Mai horar da ita, Alberto Salazar, ya musanta yawancin zarge-zargen. Bayanin nata ya buɗe bakin wasu da dama. A Norway, wani bincike na 2004 ya gano matsalar cin abinci a kashi 13.5 cikin ɗari na manyan 'yan wasan ƙasar, yayin da a sauran jama'a kashi 4.6 ne. A mata 'yan wasa ta kai kashi 20, a maza kashi 8, abin da ke nuna ba ciwon mata kaɗai ba ne. Hukumar hawa bango ta duniya sai da likitocinta biyu suka ajiye aiki a 2023 don nuna fushi kafin ta fara tantance 'yan wasanta a 2024.

Tsakanin kula da nauyi da ciwo akwai tazara, kuma ba duk mai duba abin da yake ci ba ne marar lafiya. Amma hanyar a buɗe take. Yaron da ya saba kwana biyu ba ci kafin awo, sannan ya faɗa wa abinci kamar zai mutu bayan awo, sau shida ko takwas a shekara, yana koya wa kansa ɗabi'ar da likitoci ke kira bulimiya, ci fiye da kima sannan a amayar ko a sha maganin wankin ciki. Wasu kuma tsoron abincin ne ke zama musu jiki har bayan sun bar wasa, wato anoreksiya, ɗaya daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

A namu filin

Kokowar gargajiya da muka gada ba ta san sikeli ba. A gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, jahohi takwas ke kawo 'yan kokowa, siriri ya kama ƙato, dabara ta raba su, kuma jama'a ba abin da suke so irin su ga ƙaramin ya kai babban ƙasa. A dambe ma da ido ake haɗa 'yan wasa. Sikelin ya shigo ne ta gasannin ƙasa da ƙasa, irin gasar kokowa ta ƙungiyar CEDEAO mai rukunonin nauyi, da kuma masu shirya damben da ake sayarwa ta intanet. Ɗan kokowar da ya girma yana jin cewa ƙarfi a tuwo da fura yake, rana ɗaya sai a ce masa ya rage kilo huɗu kafin Juma'a, kuma wanda zai nuna masa yadda ake yi shi ne tsohon ɗan wasan da shi ma a wajen wani tsoho ya koya.

Yanayinmu yana ninka haɗarin. Matasan Amurkan nan uku sun mutu ne a lokacin sanyi, sai da suka nemi ɗaki mai zafi. A Yamai ko Njamena ko Marwa, a watan Afrilu, zafin rana yana wuce digiri 40, yaron da ya saka leda a ƙarƙashin riga ya fita gudu da azahar yana cikin ɗakin gumi tun daga ƙofar gida. Ga kuma magani a arha. Furosemid, wanda ake sayarwa da sunan Lasilix a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, Lasix a Najeriya da Ghana, maganin sa fitsari ne da aka yi don masu ciwon zuciya da kumburi, amma a kasuwanninmu ana samunsa ba tare da takardar likita ba. Yana fitar da ruwa tare da fotasiyam, a jikin da ya riga ya bushe kuwa wannan na iya tsayar da zuciya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, AMA, ta haramta shi a kowane lokaci, don haka ko yaron ya tsira da ransa, gwajin fitsari na iya raba shi da wasa na shekaru. Haka ƙarin ruwa ta jijiya da wasu ke rugawa a yi musu bayan awo: AMA ta hana fiye da mililita 100 cikin awa 12, sai dai a asibiti bisa larura. Masu son hawa rukunin sama kuma suna da nasu tarkon, ƙwayoyin sa ƙiba irin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda ruwa da kitse suke tarawa, tsoka kuwa sai dai su cinye ta.

Akwai wata magana da ake yawan ji, wai mu mun saba da azumi, ƙishirwa ba ta ba mu tsoro. Kwatancin bai hau ba. Mai azumi yana shan ruwa da magariba, ya sake sha da sahur, kuma ba ya nannaɗe kansa da leda ya yi gudu don ya matse ragowar ruwan jikinsa. Mai rage nauyi yana iya yin awa 24 ko fiye ba ruwa, yana fitar da gumi da gangan. Sabo da jin ƙishirwa ba ya ƙara wa ƙoda ƙarfi, illa ma ya sa mutum ya ƙi kula da alamar da ya kamata ta tsayar da shi.

Sai batun 'yan mata, wanda shi ne aka fi yin shiru a kai. Alama ta farko da ke nuna cewa abinci bai isa ba ita ce ɗaukewar al'ada. A gidajenmu, budurwar da al'adarta ta ɗauke wata uku ta san zargin da zai fara zuwa zuciyar duk wanda ta faɗa wa, don haka ba za ta faɗa ba. Mai horar da ita kusan kullum namiji ne, ƙungiyar ba ta da likita balle ma'aikaciyar jinya. Idan ta rame, a gida sai a ce shawara ce ko gyambon ciki, wasu su ce iska ce, a bi ta da jiƙo. Shekarun da take ɓoye wannan kuwa su ne shekarun da ƙashi ke tara mafi yawan ƙarfinsa, kafin shekara 20, kuma abin da aka rasa a lokacin ba ya dawowa duka. Sannan a wajenmu ba sai yaro ya ƙi abinci ba kafin ya faɗa wannan hali. Wanda ke atisaye safe da yamma a kan koko da ƙosai, ya jira tuwon dare, jikinsa yana cikin giɓin da 'yar tseren Oregon ta shiga, ko da bai taɓa tunanin rage nauyi ba.

Abin da za a iya yi kafin Oktoba

Galibin abin da ya yi aiki a wasu wurare ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sikeli ɗaya da littafin rubutu sun isa hukumar wasa ta san nauyin kowane yaro a ranakun da babu gasa, a auna shi duk mako, a ga inda jikinsa ke zaune da kansa. Idan tazarar da ke tsakanin wannan nauyi da rukunin da aka rubuta masa ta kai kashi 5 cikin ɗari, wato kilo uku ga mai kilo 60, to rukunin ne ya kamata a canza. Ƙaramar na'urar gwada kaurin fitsari ba ta kai kuɗin tikitin jirgi ɗaya zuwa Dakar ba. Ma'aikatun wasanni na iya hana rigar leda da maganin fitsari a sansanoni da takarda guda, su kuma sa mace ɗaya ma'aikaciyar lafiya a kowace tawagar da ke da 'yan mata. Ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, matsayin likitocin wasanni a bayyane yake: kada a rage musu nauyi ta hanyar bushewa ko kaɗan.

Abin da ya fi wuya shi ne hukunci kan rukuni, domin a nan ne buƙatar mai horarwa da ta yaro ke rabuwa. Mai horarwa yana da gurbi a kilo kaza, yana da yaron da ya fi kowa iyawa, yana kuma da alawus da tafiya da suka rataya a kan sakamako. Yaron ba zai ce a'a ba, iyayensa ma ba za su ce ba, tunda wannan ce damar da suka gani. Amma hawa rukunin sama ba ƙarshen ɗan wasa ba ne. Cheick Sallah Cissé na Côte d'Ivoire ya ci zinariya a Rio a ƙasa da kilo 80, daga baya ya koma cikin manya, ya zama zakaran duniya a Baku a 2023, ya kuma ɗauki tagulla a Paris a sama da kilo 80. Alfaga, mai tsawon fiye da mita biyu, a rukunin da ba shi da iyaka ya kawo wa Nijar azurfa da kambun duniya na 2017.

Yaran da za su je Dakar kuwa suna kan girma. Namiji mai shekara 14 ko 15 yana iya ƙara kilo biyar ko fiye a shekara guda, ƙashi ne da tsoka da tsawo, ba wani abin da zai zubar. Sunayen tawaga da rukunin kowa ana tsara su ne watanni kafin gasa, don haka yaron da aka rubuta a rukuninsa daidai a farkon shekara zai iya wuce shi da kilo uku kafin ranar 31 ga Oktoba ba tare da ya yi laifin komai ba. Uban da ɗansa ko 'yarsa ke cikin sansani yana da damar ya tambayi mai horarwa lambobi biyu, nauyin yaron na yau da kullum da nauyin rukunin da aka rubuta masa, ya kuma tambayi ranar da aka yi awon ƙarshe.